Gamba da Dutsen Niƙa

Na karanta tarihin iyakoki iya abin da malamar sakandare za ta iya samu, kuma na tsaya a kan magana ɗaya: ba abin da ya taɓa yi wa zaman lafiyar ɗan Adam hidima kamar ciyawar gamba. Turawa sun zauna a garuruwansu sun ja layi tsakaninmu da Nijar, aka girke masa soja da jandarma da ƙarfen da ake ɗagawa a sauke, amma har gobe jaki na ƙetare shi bai ko rage tafiya ba. Gamba kuwa, tushe ɗaya a gefen gona ya isa ya tsayar da dattawa biyu masu ji da kansu. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, zanan da mai gadin makarantarmu ya kewaye rumfarsa da shi ya jiƙe, ƙanshin ya biyo ni har cikin aji. Na tsaya da alli a hannu, ɗalibai suna jira, ni kuwa na koma Jibiya, shekarar da nake sha huɗu.

A lokacin, in aka tambaye mu aikin Baba, cewa muke yi, "Yana zuwa boda." Iyakar saninmu ke nan. Da safe ya hau babur ya nufi Magama, da la'asar ya dawo da warin man manyan motoci a rigarsa da dogon burodi irin na Maraɗi a bayan babur. Mun dai ji yana raka direbobi ofishin duwan, wato kwastan na can, yana fito musu da takardu. Bai yi boko ba, allo kawai ya yi, saboda haka a ganin gidanmu mai karatu mutum ɗaya ce, ni. Ina aji uku na ƙaramar sakandare, ina da ƙamus mai bango ja, kuma ina tafiya yadda masu ƙamus ke tafiya. Shi Baba Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bakinsa ba ya iya faɗa.

Ciwon ya fara da kaka. Ciwon kai ne da yake tashi da shi kowace safiya, da amai. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, aka sha rubutu. Goggo, yayar Baba da ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta, ta turara masa duk wani abu da ke kama wuta. Sai kalmomi suka fara kufce masa. Zai miƙa hannu yana son buta, ya tsaya yana kallonta kamar ya san fuskar amma ya manta gidansu. Wata Lahadi, ranar kasuwa, ya yanke jiki ya faɗi a ɗaya ɓangaren iyaka yana jijjiga, direbobin da yake tare da su suka wuce da shi Maraɗi, don can suka sani. Can aka ɗauki hoton kansa.

Likitan ya ja Inna da Goggo gefe ya yi musu bayani da Hausa. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa, da alama ciwon daji, mugun iri mai saurin girma. A kai shi Sakkwato a yi aiki, a gasa ƙarin da na'ura, a sha ƙwayoyi. Duk wannan zai ƙara masa kwana ne da yardar Allah, amma kada su sa ran warkewa. Ya rubuta abin da ya faɗa a takarda, da Faransanci, ya miƙa musu.

Suna dawowa Goggo ta kafa doka a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa, hannu a ƙugu.

"Ba mai gaya mashi. Jini ne ya taru, za a wanke. Wanda duk ya ce wani abu daban, ni da shi."

"Yaya, in ya tambaya fa?" in ji Inna.

"In ya tambaya da sauƙi. Mi ake ce ma marar lafiya in ba da sauƙi ba?"

Ni an gaya mini ne don ba yadda za a yi. Takardun Sakkwato da Ingilishi za su zo, ni zan karanta lokutan shan magani. Goggo ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ke kuma 'yar boko, ki ɗaure bakinki." Ita kuwa takardar Maraɗi, aka yi shawarar inda ya fi tsaro, aka sa ta a akwatin ƙarfen Baba, ƙarƙashin hulunansa. Goggo ta ce nan ne ba mai taɓawa, kuma ko an taɓa, wa zai karanta?

Kada ka ɗauki Goggo jahila. Ta yi jinyar miji, ta yi ta uwa, ta ga abin da tsoro ke yi wa mai ciwo. A wurinta, ka dubi mutum ka ce masa kwanansa kaɗan ne, ka shiga hurumin da ba naka ba, kuma ka cire masa abinci daga baki. Yawancin gidajen unguwarmu haka za su yi. Ita dai ta fi su iyawa ne.

Aka yi aiki da sanyi. Ya dawo da tabo kamar lauje a gefen hagu na kansa. Gashin na'ura ya ci mako shida, ya kai mu tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Gashin kansa ya zube gefe ɗaya, ƙwayoyi suka kumbura masa fuska, suka kuma buɗe masa ciki har Goggo ta riƙa nuna wa masu dubiya kwanonsa a matsayin shaida. Ƙafarsa ta dama ta fara ja. Magana ta dawo, amma a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kullum in na kawo magani sai ya ce, "Uwata, mi takarda ta ce?" In ce, "Ta ce da sauƙi, Baba." Ya ce, "Madalla da takarda." In fita in shiga bayan ɗaki in tsaya har idona ya bushe.

To, ga inda doka ta ci karo da gona. Muna da gona wajen Gangara, ita ke ci da gidan. Gabas da yamma da kudu duk gamba ta tsare su. Ta arewa kuwa ta ƙone shekarun baya, ba a sake dasawa ba, don Baba ya san iyakarsa, maƙwabcin gonar kuma ya san Baba ya sani. Maƙwabcin nan ba mugu ba ne, mutumin kirki ne mai sahun gaba a masallaci. Garmarsa ce dai ke da kwaɗayi, kowace damina sai ta ɗan leƙo. An ce kakan Baba ya binne tsohon dutsen niƙa a kusurwar arewa, amma inda yake, kai ɗaya ne a duniya ya riƙe, kan da aka buɗe a Sakkwato. Ƙanena yana da shekara tara. In Baba ya tafi da dutsen nan a ransa, abin da za mu gada shi ne gardama.

Sai dai a garinmu ba a ce wa mai rai ya zo ya nuna iyakar gona. Wannan tambaya ma'anarta ɗaya ce, kowa ya san ta. Na ji Inna ta gwada wata rana suna tankaɗe.

"Yaya, ko da wasa ne a ce ya nuna ma yara wurin dutsen nan."

"Ki auno mashi likkafani mana, ki ce da wasa ne."

Rariya ta ci gaba da aikinta. Kalmomin Baba kuwa kullum raguwa suke yi, ina ganin Inna tana kallon bakinsa kamar mai kallon randa a ƙarshen rani.

Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, Baba ya gama karin safe ya ce likita ya ce masa ya riƙa shan iska. Ban ga wannan a takarda ba, amma ban ce komai ba. Ya ce kuma zanan makewayi ya ruɓe, gambar gida ta yi kaɗan, yana so a ƙara dasawa. Goggo ta yi murna. Mutumin da ke tunanin zanan baɗi, ai dokarta na aiki. Da hannunta ta shimfiɗa masa katifa a amalanken shanu, ta ɗora masa malafa a kan hula.

Har yau ina jin tafiyar nan a ƙashina. Ƙasa ta yi laushi, ƙafar amalanke na nutsewa, iska na kawo ƙanshin jiƙaƙƙen turɓaya da kashin shanu. Mata da yara sun bazu a gonaki suna bin masu sungumi, suna jefa iri suna takewa. Da muka isa muka tarar da maƙwabcin yana shuka. Muka kuma tarar da mai unguwa a gindin aduwa, wai wucewa yake yi. Daga baya na ji Baba ne ya aika masa da goro tun jiya.

Aka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan Baba ya dafa kafaɗata, muka taka a hankali, yana jan ƙafa, har wani wuri da ba shi da wata alama ko kaɗan. Ya tsaya ya dubi aduwa, ya dubi wani suri can gabas. Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi zuwa. Ya nuna ƙasa da sanda.

Ƙanena ya kama haƙa da fartanya. Kamu ɗaya, ba komai. Kamu biyu, ba komai sai jiƙaƙƙen yashi. Maƙwabcin ya yi gyaran murya ya ce, cikin tausayi na gaske, wanda ya fi zagi ciwo, "Malam, a bar shi haka. Jiki sai a hankali. In ka warke mu duba." Mai unguwa ya kau da kai. Wurin da Baba ya nuna ya shiga cikin shukar maƙwabcin da taki biyar cur. Na ce a raina mun makara, ciwon ya riga ya cinye dutsen a kansa.

Baba bai ko dube shi ba. Ya ce wa ƙanena, kalma ɗaya-ɗaya, "Kakana dogo ne. Ci gaba."

Sai da yaron ya shiga ramin har ƙirji, sannan fartanya ta yi ƙara. Ƙarar ƙarfe a kan dutse ba ta da daɗi, amma ban taɓa jin waƙar da ta kai ta ba. Aka share ƙasa, ga shi nan, kwance, da kwarminsa a tsakiya inda wata kakar kakata ta gama ƙarfinta. Mai unguwa ya leƙa ya ce, "To, mun gani." Maƙwabcin ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan mazan jiya, sun iya haƙa." Shi da kansa ya karɓi fartanya ya taya mu dasa gamba, tushe bayan tushe, daga dutsen har suri. Baba ya sa ni da ƙanena muka taka layin sau uku, muna faɗin alamomin da ƙarfi kamar masu hadda.

A hanyar dawowa ƙanena na gaba yana kora shanu, ni ina riƙe wa Baba malafa kada iska ta ɗauke. Ya ce, "Uwata, mi takarda ta ce yau?"

Na buɗe baki, a karon farko ƙaryar ta ƙi fitowa. Ya yi 'yar dariya da rabin fuskarsa mai motsi.

"Ta Maraɗi na karanta. Tun ranar da na ɗauki hula."

"Baba, da Faransanci take."

"Shekara ashirin, mi kuke zaton nake yi a boda? Rawa?"

Ashe wani ma'aikacin duwan ne ya koya masa tun yana saurayi, a bayan takardun kaya. Mutumin da ya fi kowa iya karanta takardar nan a unguwarmu, shi muka ba ajiyarta. Na fashe da kuka, na ce ya yafe mini. Ya jira har na gama, ya nemo kalmominsa a hankali.

"Ba ki yi laifi ba. Amma kar ki gaya ma Yaya. Sirrin nan shi ke riƙe da ita."

Haka na koma gida da sirri biyu, na Goggo a kan Baba da na Baba a kan Goggo, kuma na biyun ya fi sauƙin ɗauka. Daga ranar wasan ya zama namu. In na ce takarda ta ce da sauƙi, ya ce madalla da takarda, ya kashe mini ido. Ya ga kakar shekarar, ya ci tumun gero daga gonar, ya ga an yanko gambar gabas an saƙa zana. Maganarsa ta ɗauke da sanyi. Ya rasu kafin wani ruwan ya sauka. Ranar sadakar bakwai na ji Goggo tana gaya wa mata, da hawaye da alfahari, "Alhamdu lillahi, ƙanena ya tahi bai sani ba." Ta rayu shekara takwas bayan haka da wannan nasara, ban taɓa mata ita ba.

Yanzu irin dokar Goggo ba ta kwana biyu. Marar lafiya na kwance da waya a hannu, zai ɗauki hoton takarda ta fassara masa ko da yaren Sin aka rubuta, ta ƙara masa da abin da bai tambaya ba. Likitocin yanzu kuma sun fi son su dubi mai ciwo su gaya masa da bakinsu, kuma ina ganin sun yi daidai. Ban da gaskiyar da Baba ya tsinta a ƙarƙashin hula, da ba mu je Gangara ba. Sai dai in na tuna yadda gida guda ya yi shekara yana yi wa juna ƙarya don ƙauna, kowa na tallafe da wani, ba na iya yi mana dariya har ƙarshe.

Iyakar dai ta tabbata. Ni da ƙanena ko daga barci aka tashe mu za mu faɗe ta: aduwa, dutse, suri. Akwai shaidar mai unguwa, ba wanda ya taɓa musu. Wani makiyayi ya ce mana gambar arewa ta yi kyau, ta fi mutum tsawo. Tun da 'yan bindiga suka kama dajin wajen, shekara shida ke nan ba wanda ya noma gonar, ko mu ko maƙwabcin.