Wa Zai Rufe Wasa, Haidar Ko Tayyib?

Wata Juma'a ce a bazarar 2013, bayan an sauko daga masallaci, ina tsugune a bayan mai dukan ƙwallo da sanda a filin wata makaranta da ke Ma'adi a birnin Alƙahira, fuskata cikin ragar ƙarfe, gumi yana shiga idona. Shekarata goma sha biyu, ni ce mai cafe ƙwallo a ƙungiyarmu ta besbol, kuma wasan ƙarshe na kakar muke yi. Amma hankalina ba ya kan mai jifa. Muryoyi biyu nake ji daga bayan shingen waya, ta Babanmu da ta Ammu Bashir, suna ci gaba da musun da suka kwashe wata uku suna yi: wa ya kamata a miƙa wa ƙwallo a zagayen ƙarshe ya rufe wasa, yayana Haidar ko abokinsa Tayyib?

Baba direba ne a ofishin jakadancin ƙasarmu. Ammu Bashir tela ne, Bahaushen Sudan, shagonsa yana ƙasan benen da ke kallon namu a unguwar Hadayek el-Ma'adi, kuma shi ne mahaifin Tayyib. Shekara ɗaya kafin nan babu wanda ya taɓa ganin wasan a cikinsu. Wata malamarmu ce ta rubuta sunayenmu, Baba ya yarda don kawai ya raba mu da talabijin, a lokacin da zanga-zanga ta sa ba a barinmu yawo. Ranar farko tambayata ya yi me ya sa wanda ya daki ƙwallo yake gudu kamar ya yi sata. Kafin wata biyu ya fara yi wa alƙalin wasa gyara.

Dokar ba ta da wuya: mai duka ya kuskure sau uku, ya fita, jifa ya kauce sau huɗu, ya wuce tashar farko kyauta. Wanda ya zagaye tashoshin ya dawo gida, wato inda ya fara, ya ci ɗaya, in kuma aka fitar da mutum uku zagaye ya ƙare. Haidar ƙarfi gare shi, ƙwallonsa har shewa take yi, sai dai shi kansa bai san inda za ta nufa ba. Tayyib kuwa a hankali yake jifa, amma inda na ajiye safar hannuna nan za ta sauka. Na san su duka, domin kullum da la'asar, in na sayo burodi a gidan burodin layinmu na kwashe wa Mama shanya, saman bene muke hawa, tsakanin farantan tauraron ɗan'adam da akurkin tantabarun maƙwabta, su yi ta jifa ina cafewa har tafin hannuna ya kumbura. Sau biyu ƙwallon Haidar tana tsallake katanga ta faɗa titi, sau ɗaya a kan keken mai sayar da tukunyar gas, wanda ya zage mu da Larabcin da ba a koya mana a makaranta ba.

Abin haushin shi ne, Baba bayan Tayyib yake, Ammu Bashir kuma bayan Haidar. Haidar ɗan fari ne, Baba ba ya ko kiran sunansa sai "yaron nan", balle ya yabe shi a gaban mutane. Ammu shi ma kara ta hana shi yabon nasa. Da shiru suka yi, da an zauna lafiya. Amma kowanne sai ya kushe ɗansa don ya ci musu. "Yaron nan jifan mahaukata yake yi, ya Bashir, wata rana sai ya zubar wa alƙali haƙora." Ammu ya ajiye kofin shayi ya ce, "La wallahi, ya Hajj, nawa ƙwallonsa tafiyar tsohuwa take yi, kafin ta iso mai duka ya huta." A mota suke yi, a ƙofar shago suke yi, yaran kuma suna zaune suna ji. Daga nan sai a juyo kaina: "Nafisa, ke ce shaida." Ko abinci nake ci sai an kira ni, har Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Khalas, ku bar mini yarinya ta haɗiye lomarta."

Ranar nan muna gaba da ci ɗaya aka shiga zagayen ƙarshe, mai jifanmu na farko hannunsa ya gaji. Kocinmu, Kabtin Hisham, Bamisire mai haƙuri wanda musun nan ya isa shi ma, ya durƙusa a gabana ya ce, "Yalla, ke ce mai cafewa, wa kike so?" Hankalina ya ce Tayyib. Amma na hango Haidar a ƙarshen benci yana tonon ƙasa da takalmi, daidai lokacin da Baba yake ɗaga murya yana lissafa kurakuransa na makon jiya. Raina ya ɓaci, na ce Haidar.

Ya fitar da na farko. Ya bar biyu suka wuce kyauta, suka kuma matsa zuwa tashoshin gaba. Ya fitar da na huɗu, filin ya kaure da ihu. Saura mutum ɗaya. Ya yi jifa biyu masu kyau, sannan ya saki na uku da ƙarfin da ban taɓa gani ba, mai duka ya kai sanda ya sami iska, ƙwallon kuma ta doki bakin safata ta gangara can jikin shinge. A doka, tun da ban cafe ta ukun ba, mai duka bai fita ba, wasa bai ƙare ba. Na bi ta a guje, ɗaya daga cikin biyun nan ya shigo gida, na wurga wa Haidar cikin ruɗewa ta bi ta saman kansa, na biyu ma ya shigo. Aka cinye mu.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce tashar jirgin ƙasa. Sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Gaskiya yaron nan ya yi jifansa." Ammu Bashir ya ce, "Tamam. Mai cafewa ce ta saki." Baba ya gyaɗa kai. Wata uku suna jayayya, ranar da suka haɗa baki a kaina suka haɗa! Na juya don in ga ko Haidar zai tsaya mini, na tarar yana kallon taga yana ɓoye murmushi. Kwana biyu ban gaishe da Ammu ba, sai da Mama ta ja mini kunne.

Mun baro Alƙahira a 2015. Yanzu a Kaduna nake koyarwa, Haidar yana aiki a Fatakwal, Tayyib kuwa tun da lambarsa ta daina shiga ba mu sake jin labarinsu ba. Yaran gidanmu ƙwallon ƙafa suke kallo a waya, kowa da tasa, babu mai tanka wa wani. Baba ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, yakan yini a kujera, kuma duk abin da ka faɗa sai ya ce haka ne. Ban taɓa zaton zan zauna ina neman abin da zai sa ya musa mini ba.