Ranar da Yaya Sani Ya Bar Gida

Masu zagayen Maulidi sun kusa layinmu a Suleja, Baba yana cika musu randa a ƙofar gida kamar kowace shekara, sai ga Yaya Sani. A shekarun casa'in ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, da guntun wando da dogon wa'azi.

Ya ce, "Baba, ba zan zauna gidan da ake shayar da 'yan bidi'a ba."

Baba ya ce, "Ni masu ƙishi na gani, Sani."

Ranar ya kwashe kayansa ya koma Gauraka. Tafiyar ba nisa, amma bai sake tako gidan ba sai jana'izar Baba. Har ya gyara mana sahu.

Ku a gidanku, wa wannan gardama ta ɗauke muku?