Verrei da Zakaran Inna

Ranar da ƙanena zai bar Yako, ya rataya jakarsa ya ce wa Inna, "Ina zuwa." Mu kuwa mai tafiya da mai dawowa duk haka suke cewa, don haka ba wanda zai ce ƙarya ya yi. A Italiya ya yi aikin gonar tumatir, ya yi aure, ya haifi 'ya mace, a can kuma aka binne shi.

Yarinyar ta girma ba ta jin Hausa. Inna kuwa tsufa ya cim mata, ba ta da wani buri sai ta ga jikar nan tata kafin ta bar duniya. Ni ne malamin firamare a gidanmu, sai aka ɗora mini koyon Italiyanci kamar yadda ake ɗora wa mutum gyaran katanga. Fassarar waya na daina yarda da ita tun ranar da na ba ta "sannu da gida", yarinyar ta aiko tana tambayar me ya sami gidan.

Na fara da venire, wato zuwa. Kalma ce marar tarbiyya. Ni vengo, kai vieni, mu veniamo, su vengono. In jiya ne, sono venuto. In gobe ne, sai ta yar da rabin jikinta ta koma verrò. Nan na tsaya, don aikin albasa ya taso.

A makon ne saƙon yarinyar ya shigo: "Verrei, nonna." Nonna dai kaka ke nan. Ina ganin verr na ce wa Inna, "Ta ce za ta zo." Inna ta sa aka yi wa ɗakin marigayi shafe, ta ware jan zakara, ta hana kowa ko kallonsa.

Sai da aka kwashe albasa na buɗe darasi na gaba. Verrò shi ne "zan zo". Verrei kuwa "da na zo" ne, irin zuwan da ake fasawa tun ba a rufe baki ba. Kunya ta kama ni, ga tausayin tsohuwar nan. Kwana uku ina kewaye ƙofar ɗakinta.

Da na faɗa mata, ba ta daina tsintar shinkafarta ba.

"Duk karatun nan naka?"

"Ƙarshen kalmar ne ban duba ba, Inna."

"To, yaya suke cewa 'zo'? Zo kawai."

"Vieni."

"Danna mini abin."

Na danna mata wajen ɗaukar murya. Ta kai wayar bakinta ta ce, "Biyeni." Sau uku ta faɗa, sannan na tura.

Bayan kwana biyu amsa ta zo, kalma ɗaya. Na sa tabarau, na ɗauko littafina, na fara karanta ta daga ƙarshe. Verrò.

"Babu 'da' a ciki?" in ji Inna.

"Babu."

"Duba dai."

Na sake dubawa.

"Ubanta ma 'ina zuwa' ya ce." Ta goge ido da bakin zane. "A ƙara wa zakaran nan dawa."