Anti Falmata, Wadda Ta Kwance Min Bel

Anti Falmata ta rasu.

Yau da safe ina layin ɗiban ruwa a makaranta Inna ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Nafisa, sai haƙuri. Falmatan gidan Alhaji Sule, Allah ya karɓi abarsa." Na ajiye bokiti na zauna a kan dakali. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita kaɗai bakina ya iya.

Ga waɗanda ba su san ta ba, likitar fisiyo ce, masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a wani asibiti cikin birni. Iyayenta 'yan Barno ne da suka daɗe a Bacirawa, aure ya kawo ta ƙauyenmu a ƙasar Bici. Kullum za ta shiga mota ta tafi aiki ta dawo da yamma. Muna yara abin da muka sani game da ita bai wuce doguwar mata mai ƙamshin humra ba.

Na san ta sosai ne shekarar da zan sake zana jarabawar shiga jami'a.

Karon farko makina bai kai ba. Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ki sake gwadawa." Wallahi da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Na ɗaura niyyar ba zan ba shi kunya ba. Da na gama shara sai in shimfiɗa tabarma, littafi a ƙasa, waya a hannu ina amsa tambayoyin baya, kaina a sunkuye har a kira azahar. Wata da watanni a haka.

Sai wuya ya fara. Sai tsakiyar baya. Ƙannena suka fara tsokanata wai na yi doro.

A waya na ga tallan wani bel mai jan kafaɗu baya, wai yana gyara tsayuwa. Na dami Yaya Auwalu har ya sayo min a birni. Ina ɗaura shi ƙarƙashin hijabi, in miƙe sak kamar soja, kowa na cewa ai na warke. Amma da na cire sai in ji kamar an zare min ƙashin baya. Daga nan yatsun hannuna na dama suka fara mutuwa, kamar ana tsira min allura. A wurin lesin da muke gwaji da kwamfuta a Bici, ba na kai rabin lokaci sai in tashi. Ga jarabawa ta matso.

Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake a ce in haƙura sai baɗi.

A wani taron suna a maƙwabta aka ce in kai wa baƙi ruwa. Na miƙa wa Anti Falmata kofi da hannun hagu. Wata tsohuwa ta ce, "Ke, da hagu? Ina tarbiyya?" Anti kuwa ta miƙo hannu. Ta karɓa ta sha, ta kalli kafaɗata, ta kama ni ta ja ni ɗaki.

"Cire hijabin."

Da ta ga bel ɗin sai ta yi dariya. "Wa ya ɗaure ki haka kamar damin gero?"

Da hannunta ta kwance shi. Ta sa yatsa ta bi wuyana a hankali, ta danna wani wuri, nan take na ji abin har ƙarshen yatsuna. Ban taɓa ganin irin haka ba. Mutum ya taɓa wuya, hannu ya amsa.

Ta ce, "Bel ɗin nan shi yake yi wa naman bayanki aikinsa, naman kuma ya samu hutu ya kwanta barci. Miƙewa daban, warkewa daban. Shi yana tsayar da ke don mutane su gani. Ni so nake ki iya tsayar da kanki."

Washegari ta zo gidanmu ta yi wa Baba bayani, ta tafi da ni asibitinsu aka duba ni sosai, don ta ce ba za ta fara komai da ka ba. Da aka tabbatar ba wani babban abu ba ne, sai muka fara.

Abu na farko, ta raba ni da tabarma. Ta sa aka fito da teburin keken ɗinkin Inna, ta tara littattafai ta ɗora wanda nake karantawa a kai har ya zo daidai idona. Ta ce duk babin da na gama in tashi in zaga tsakar gida. Da yamma kuma ta tsayar da ni jikin bangon rumbu, haɓa a ciki, hannuwa suna hawa suna sauka. Abu kamar wasa, amma gumi nake kamar na yi daka.

Ranar da na gaji na ce, "Anti, jarabawa ta kusa, ba ni da lokacin wannan."

Ta ce, "To da wane jikin za ki je ki zana ta?"

Na koma jikin bangon.

Sai ta mayar da motsa jikin ya zama darasi. Ta danna ƙashi ta ce, "Me sunan wannan?" In na faɗi daidai mu wuce, in na kuskure in sake daga farko. Bayolojin da ya ƙi zama a kaina daga littafi, a jikina na haddace shi.

Ranar jarabawa ta kira wayar Yaya Auwalu muna hanya. "Ki zauna har cikin kujera, ƙafafu a ƙasa. In kin ji wuya ya fara, ki saki kafaɗa ki ja numfashi. Sauran kuma kin sani." Na zauna tun daga farko har ƙarshe. Hannuna bai mutu ba. Da sakamako ya fito Baba ya yi ta maimaita alhamdulillahi.

Amma abin da ya juya min rayuwa ba wannan ba ne.

Akwai Baba Ɗanjuma, manomi ne a bayan gidanmu. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bayan girbi. 'Ya'yansa ke ɗaga shi su kwantar. Mutane suna zuwa dubiya suna fitowa suna girgiza kai. Anti Falmata kuwa, in ta sauka daga mota da yamma, gidansa take fara shiga kafin nata. Duk rani tana yi. Wasu har suna cewa tana wahalar da tsoho ne kawai.

Ranar da aka tashi da ruwan shuka, Inna ta aike ni kai fura gona. Sai na ga mutane sun bar aiki sun tsaya cirko-cirko suna kallon hanya.

Baba Ɗanjuma ne yake tahowa. Da ƙafarsa.

Sanda a hannu ɗaya, yana jan ƙafar a hankali. Anti Falmata tana gabansa tana tafiya da baya da baya, ta buɗe hannuwa amma ba ta taɓa shi ba. Har ya kai bakin gonarsa. Babban ɗansa ya sara rami, tsohon ya ɗebi iri ya zuba, sannan ya ɗaga ƙafar nan da kowa ya ce ta mutu, ya rufe ramin da diddige.

Na ga manyan maza suna kuka ba kunya. Wani ya ɗaga murya da kabbara, duk gonakin suka amsa. Tsigar jikina ta tashi, har yanzu da nake rubutun nan tana tashi.

Ita kuwa cewa ta yi, "Baba, ya isa na yau. Gobe ma da aiki."

A makon nan na canza kwas ɗin da na cike zuwa fisiyo. Da na gaya mata ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Kin tabbata? Aikin nan ba na mai gaggawa ba ne. Za ki yi wata kina jiran yatsa ɗaya ya motsa." Na ce na tabbata. Ta shiga ɗaki ta kwaso min littattafanta na makaranta.

Ganina da ita na ƙarshe hutun da ya wuce ne. Ciwo ya daɗe da kwantar da ita, ta rame, ƙafafunta sun yi rauni. Na shiga na gaishe ta ina ɓoye hawaye.

Ta ce, "Ɗaliba, zo ki gwada abin da aka koya miki. Ki fara da ni."

Na kai hannuna kan gwiwarta. Ta riƙe shi.

"Kin tsallake na farko."

"Wanne, Anti?"

"Ba ki nemi izini ba. Ko wanda ba ya iya magana ne, ki gaya masa abin da za ki yi masa. Jikinsa ne, amana ya ba ki."

Na ce, "Anti, zan lanƙwasa miki ƙafa, kin yarda?" Ta ce ta yarda. Ta lumshe ido ina yi tana gyara min, nan ki sassauta, nan ki ƙara. Matar da ta tayar da mutane, ga ta ta miƙa min ƙafarta in koyi aiki a kai. Da muka gama ta dafa kafaɗata muka taka har bakin ƙofa. Ta tsaya tana kallon geron da ya fitar da kai a bayan katanga.

Ta ce, "Hannunki ya yi. Saura haƙuri, shi kuma ba a koyar da shi a aji."

Yau kafin in iso gida an riga an kai ta. Na tarar da gidan ba masaka tsinke, kuma rabin mutanen ban san su ba. Wata mata daga Gezawa ta zauna kusa da ni, ta nuna min wani yaro da ke ta guje-guje a tsakar gida, ta ce an haife shi ba ya ko iya zama, a kan baya take kai shi wurin Anti. Wata ta ɗaga hannu ta ce wannan da ba ya kai loma baki. Kowacce da nata labarin. Mu da muke gari ɗaya da ita ba mu taɓa jin ko ɗaya daga bakinta ba.

Ya Allah, baiwarka Falmata ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Duk sujadar da wani ya samu yi saboda ta taimaka masa ya tashi, ka sa a mizaninta. Ka ba Alhaji Sule da yaranta da iyayenta haƙurin wannan rashi, ka raya abin da ta bari.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Falmata sunanta. Allah ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.