Sojan Ruwan da Na Yi wa Aski a Aziziyya

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na tsince shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi ba zan ƙara masa gishiri ba, don ba na ganin mai hankali zai ƙaga ƙarya ya jingina ta da ƙasa mai tsarki.

Wajen shekarar dubu biyu da sha shida ne, lokacin ina aski a wani ɗan shago a Aziziyya, cikin Makka. Wanda ya san unguwar ya san halinta: lokacin Hajji ko wurin sa ƙafa babu, amma da alhazai sun watse sai ta koma kamar kasuwar da ta tashi, manyan gidaje a kulle, sai kyanwoyi da zafin rana. Abokan aikina 'yan Pakistan ne su biyu, mutanen kirki, amma tsakanina da su sai guntun Larabci na aiki. Iyalina suna Gumel. Sai in wuni ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, har wani lokaci nakan kama kaina ina yi wa aska magana, don dai kada bakina ya yi tsami.

Ana nan wata rana wasu samari suka shigo da haraminsu, sun gama Umra suna son aski. Ɗaya ya zauna a kujerata, dogo, baƙi, mai faɗin kafaɗa, na sa hannu a kansa na ce bismillahi a hankali, sai ya dube ni ta madubi ya ce, "Kawu, kai Bahaushe ne?" Kai, jama'a! Saura kaɗan askar ta faɗi.

Sunansa Isufu. Asalinsa Damagaram, amma tun yana ƙarami mahaifinsa ya tafi da shi wata ƙasar Turai, can ya girma har ya shiga sojan ruwansu. Hausarsa irin ta yara ce, tana tuntuɓe, amma yana son ta. Jirginsu ne ya tsaya a Jidda, aka ba Musulmin ciki dama su zo Umra. Abokansa suka gama suka tafi cin abinci, shi ya ƙi tashi, na sayo mana shayi muka zauna a bakin shago.

Na tambaye shi wane irin jirgi ne, sai ya gyara zama. Ya ce jirgin yaƙi ne, amma aikinsa gadin sama, yana tafiya tare da sauran jirage kamar makiyayi da garke, duk abin da ya taso ta sama don ya cuce su shi ne zai tare. Ya ce akwai na'urar rada a can ƙololuwar jirgin tana juyawa ba dare ba rana, tana hango jirgin sama daga nisa kamar nan da Madina, kuma ko abubuwa nawa ne a sama tana bin kowanne daban, ba ta ruɗewa. Makamai masu linzami kuma a tsaye suke cikin ramuka a gaban jirgin, kowanne da murfinsa, kamar kwalabe a kiret, da an taɓa sai murfi ya buɗe, makami ya tashi ya je ya kakkaɓo ɗan'uwansa makami a sama tun bai iso ba. In wani ya kuɓuce ya matso kusa, akwai bindiga mai sarrafa kanta da za ta yi masa ruwan harsashi. Ni dai ina ta "Allahu akbar", na saki baki.

Na ce to ai kai ka more, kana ganin duniya. Ya yi dariya ya ce ina fa, shi a wani ɗaki yake zama can cikin jirgin, babu taga, sanyi kamar firji, yana kallon ɗige-ɗige a fuskar na'ura, sai ya yi kwanaki bai ga rana ba, kuma duk jirgin babu mai jin yarensa. Ya ce in abin ya ishe shi yakan fita bayan jirgi ya tsaya yana yi wa ruwa Hausa. Na ce masa ni aska nake yi wa. Muka yi dariya har da hawaye.

Muka karɓi lambar juna. Bayan ya tafi yakan turo min saƙon murya jefi-jefi, ya gaishe ni, ya tambaye ni sunan wani abu da ya manta, kamar ranar da ya ce yaya ake kiran abin da ake burga miya da shi. Ba zan ɓoye muku ba, saƙonnin nan su nake jira. Sai kuma suka ɗauke ɗif. Na tura, na sake turawa, shiru. Na ce a raina ai dama haka ne, yaro da aikinsa, ina shi ina tsohon wanzami.

Aka daɗe. Ranar da abin ya faru bayan sallar azahar ne, rana tana dukan kwalta, abokan aikina sun tafi cin abinci, ni kaɗai ne a shago ina gyangyaɗi. Ban ji buɗe ƙofa ba, na dai ɗaga kai na ga Isufu a zaune a kujerata, cikin shuɗin kayan aikinsu, sumarsa ta taru. Na yi tsalle don murna, ina cewa ina ka shiga, yaushe a gari, shi kuwa bai juyo ba, ta madubi yake kallona. Ya ce, "Kawu, kana ganina?"

Na ce wace irin magana ce wannan, ga ka kuwa.

Ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ce in yi masa aski.

Da na sa hannu a kansa sai na ji shi jiƙe sharkaf, ga sanyi kamar an ciro shi daga randa. Na ɗauka alwala ya yi ya zuba ruwa a ka saboda zafi. Amma akwai wani ƙarni da ya cika shagon, irin na bakin teku a Jidda, kuma ruwa yana ta ɗiga daga ƙafar wandonsa, ɗis, ɗis, bai tsaya ba. Ina aski yana magana ƙasa-ƙasa, ba irin hirarsa ta da ba. Abin da na riƙe shi ne ya ce jirginsu ya juyo, ya gan shi da idonsa ya juyo, jirgi mai saukar ungulu ya tashi yana ta shawagi a kansa, ya ɗaga hannu, ya yi kira da Turanci, ya yi da Hausa, suka wuce. Na ce atisaye kuka yi ke nan?

Da na gama na ɗauko tsintsiya, sai ya ce, "Kawu, kada ka zuba gashin nan a shara. Ka sa min shi a ƙasa. Ƙasa nake so." Na ce to, ai wannan mai sauƙi ne. Na tattara a leda, na shiga ciki in wanke hannu in zo in sayo mana shayi, na fito babu kowa. Na leƙa titi dama da hagu, titin nan fayau, ko mota babu.

Kada ku ce mafarki na yi. Ɗaya daga cikin 'yan Pakistan ɗin da ya dawo santsi ya kwashe shi a gaban kujerata, ya tashi yana faɗa, wai wa ya zubar da ruwa. Da wurin ya bushe kuwa sai ya bar fari-fari a kan tayil, na dangwala na ɗanɗana, gishiri ne.

Da la'asar na kira lambarsa, ina so in yi masa ƙorafin tafiya ba sallama. Mace ta ɗauka. Ta ce ita yayarsa ce, Zuwaira, wayar tana cikin kayansa da aka kawo musu gida. Na ce kayansa kamar yaya? Sai ta ce, "Malam, ashe ba ka ji ba." Ta ce a Bahar Maliya ne, an zo canjin aiki ba a gan shi ba, ba wanda ya ga faɗawarsa ruwa, an nema an nema ba a samu gawa ba, har an yi sadakar arba'in tuni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa daɓas. Ban iya gaya mata ya zo ba, me zan ce? Na dai ce na taɓa yi masa aski a Makka kuma gashinsa yana wurina. Sai ta fashe da kuka ta ce abin da ya fi cin mahaifiyarsu shi ne babu kabarin da za ta nuna ta ce ga ɗanta. Ta ce don Allah in binne.

Washegari da hantsi na ɗauki ledar, na bi hanyar Mina har gindin wani dutse inda ba mutane. Na buɗe, wallahi tallahi gashin nan a jiƙe yake kamar yanzu aka tsamo shi. Na naɗe shi a farin ƙyalle, na haƙa da hannuna, na sa, na rufe, na karanta abin da ya sawwaƙa. Ni kaɗai na tsaya a kansa, babu mai cewa amin.

Na je wurin wani malami ɗan Sakkwato a unguwar Hindawiyya na kwashe duka na gaya masa. Ya daɗe yana jan carbi, ƙarshe ya ce Allah ne masani, in yi ta yi masa addu'a, in daina bincike. Na daina. Amma har na baro Makka ban ƙara yarda na zauna ni kaɗai a shago da azahar ba, kuma har yau in na taɓa jiƙaƙƙen kai sai tsigar jikina ta tashi.

Ku da kuke zaman baƙunta, da ku masu 'yan'uwa a nesa, in wanda ya saba kiranku ya yi shiru, kada ku yi saurin cewa ya manta da ku. Ku nema, ku tambaya, ku sa shi a addu'a tun a ranar. Allah ya jiƙan Isufu, ya sa mu cika da imani, ya ba kowannenmu masu sa shi a ƙasa.