Tarar Ranar Shuka

Da hannuna na rubuta sanarwar, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin rubuta ta. Na sayi farar takarda mai kauri, na ja layi da fensir don kada haruffa su karkace, na rubuta da Faransanci a sama, da Hausa a ƙasa: duk wanda aka ba shi randebu, wato ranar ganin likita, bai zo ba kuma bai kira ba, zai biya tarar jika uku, sefa dubu uku ke nan, kafin a sake duba shi. Har ɗan fure na zana a kusurwa.

A lokacin shekarata ɗaya da gama jami'a, ina zaune a gida ina maimaita littattafan da na riga na karanta. Kawuna ne ya samo mini aiki a wani kilinik na haƙori mai zaman kansa a cikin Zinder. Aikina shi ne in zauna kusa da ƙofa da babban littafi, in rubuta suna da rana da lokaci, in miƙa wa mutum ƴar takarda ya tafi da ita.

Likitan mutum ne mai tsafta, mai ƙamshin turare, ba ya ɗaga murya. Ranar da ya kawo maganar tara ya tsaya ya yi mini bayani.

"Malama, dubi kujerar nan. Idan mutum bai zo ba, haya tana ci, wuta tana ci, ke ma ina biyanki. Ga wani na kore shi jiya da kumburarren kunci saboda na ajiye wa wanda bai zo ba wuri. Wa ya cuci wa?"

Na ga gaskiyarsa. Ni kaina na sha kallon kujerar babu kowa a kanta, fitila na haska matashinta, alhali da safe na mayar da wata mata tana riƙe da haɓa tana hawaye. Na ce a raina, lokaci ma amana ne. Shi ya sa na zana furen.

Wajen ƙarshen bazara wata dattijuwa ta zo daga wani ƙauye a bayan Garagumsa. Tana magana da gefen mayafinta a kan baki, har sai da na ce, "Inna, ban ji ki ba." Sai ta sauke mayafin kaɗan. Haƙoranta huɗu na sama babu su. Shekara biyu da suka wuce bijimin da ke ja musu ruwa a rijiya ya kaɗa kai, ƙaho ya same ta a baki.

"Ƴar nan," ta ce, "ni ce mai guɗar garinmu. Aure, suna, saukar karatu, ni ake kira. Tun da abin nan ya faru ban buɗe baki a taro ba. Yara sai su ce Inna ta koma jaririya."

Ta sayar da akuya da buhun gyaɗa ta biya kuɗin haƙoran roba gaba ɗaya, babu ko ragi. Likita ya cika mata baki da wani abu mai kama da ƙullu ya ɗauki awo, aka aika Yamai a ƙera. Autarta tana da tsohon ciki, haihuwar fari, kuma Inna ta rantse ba za a yi sunan nan tana laɓe a ɗaki ba. Na rubuta mata ranar Talata da hantsi, na karanta mata sau biyu, ta ƙulle takardar a bakin zane.

Na riƙa tunaninta. Da haƙoran suka iso cikin wani ɗan akwatin roba, a aljihun teburina aka ajiye su. Idan babu kowa nakan buɗe in duba. Huɗu ne, jere kamar ƙwayar masara, suna jiran baki. Har mamaki nake yi yadda murya guda za ta kwanta a cikin abu ƙarami haka.

Ranar Litinin da la'asar ruwan shuka ya sauka. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san abin da ake nufi. Lemar nan kwana ɗaya ce ko biyu. Wanda ya bari ta bushe sai ya jira wani ruwan, wanda ba a san ranarsa ba. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mata na biye da ƙwaryar iri suna zubawa suna rufewa da diddige. Ba a barin kowa a gida sai mai jego da marar lafiya.

Talata da safe Likita ya kira ni a waya.

"Malama, yau ba zan shigo ba. Duk wanda ya zo ki ce masa an kira ni aikin gaggawa."

A bayan muryarsa ina jin iska, ina jin maza suna kiran juna, wani yana cewa a kawo irin gero ta nan. Yana da gona a hanyar Tirmini, kowa ya sani. Ban ga laifinsa ba. Har murmushi na yi, na ce ashe likita ma ɗan ƙasa ne. Mutum biyu suka zo ranar, na ba su haƙuri suka koma, ɗaya yana tsaki. Uku ba su zo ba, cikinsu har da Inna.

Laraba ya shigo, jar laka shafe da ƙafafun motarsa. Ya buɗe littafi ya bi da yatsa.

"Waɗannan ukun, ki ja musu jan layi."

Na ɗaga kai na dube shi. Yana duba wayarsa. Na ɗauki jan alƙalamin bik na ja.

Alhamis, ranar kasuwa, Inna ta iso da motar ƙauye, ƙafafunta duk sun faffashe, tana ɗauke da ƴar ƙwarya a ƙulle cikin tsumma.

"Ƴar nan, barka! An sauka lafiya, namiji. Jibi Asabar suna. Ga ƙwan zabi na kawo miki, na farkon damina ne. Ina haƙorana?"

Suna ƙarƙashin hannuna, katako ɗaya ne tsakaninmu. Na nuna mata sanarwa a bango, na karanta mata da muryar da ban san ina da ita ba. Ta saurara har ƙarshe, ta ce rubutun yana da kyau, sannan ta tambaya ko da ita ake.

Likita ya fito yana goge hannu.

"Likita, ina kwana. Ruwan shuka ne fa. Wa zai zauna?"

"Me ya hana ki kira, Inna?"

"Da me? Wayar tana hannun ɗana, shi kuwa yana Agadas."

"Doka ce. Idan na ɗaga miki, gobe kowa zai ce ruwa aka yi."

"To ai ruwan aka yi!"

Wani mutum da ke jira ya yi dariya, ya dafe kuncinsa. Likita bai yi ba. Ya koma ciki ya ja ƙofa.

Inna ta kwance bakin zanenta. Kuɗin motar komawa ne kaɗai a ciki. Ta mayar ta ƙulle, ta ja mayafi ta rufe baki, ta fita ta zauna a gindin dalbejiyar ƙofar kilinik, kusa da motar Likita. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta taga nake hango ta, lakar gonarsa a gefenta, lakar gonarta a ƙafarta, kalarsu ɗaya.

Har azahar ina zaune. Ni mai tsoron faɗa ce. Ko a gida idan aka ɗaga murya ɗaki nake shigewa. Na tsara maganar a raina ya fi sau goma, ina gyara ta kamar baiti. Da na shiga, duk ta watse, abin da ya fito kawai shi ne:

"Likita, ai ranar kai ma ba ka zo ba."

Na zaci zai fusata ko ya ji kunya. Murmushi ya yi.

"Ita ta sani?"

"A'a."

"To. Da ta zo ba ta same ni ba, da tana da magana. Amma ba ta zo ba. Laifinta yana nan, nawa daban." Ya ci gaba da jera ƙarafunsa a faranti. "Idan abin ya dame ki, Malama, sai in cire a albashinki."

Na ce ya cire. Ya ce in shigo da ita.

Bai ɗauki rabin awa ba. Ya gwada, ya kankare gefe, ya sake gwadawa, ya miƙa mata madubi. Inna ta daɗe tana kallon kanta. Ta ɗaga leɓe, ta sauke, ta taɓa su da harshe ɗaya bayan ɗaya.

"Inna," in ji Likita, "tarar nan na yafe miki, saboda Allah. Amma kada ki faɗa wa kowa."

Ta zame daga kujera ta durƙusa a gabansa. Ta sa masa albarka, shi da iyayensa da ƴaƴan da zai haifa. Ta fito da sauri ta ɗauki ƙwaryar daga teburina.

"Ƴar nan, ki yi haƙuri, na gaba naki ne. Bawan Allahn nan ba zan bar shi haka ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Har ya ɗaga tsumman ya leƙa.

Sai ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Wata guda ina jiran jin muryar nan. Siririya ce, doguwa, tana rawa a ƙarshe kamar ba za ta sauko ba. Masu jira suka miƙe, mai shago na maƙwabta ya leƙo. Duk domin shi. Yana tsaye da ƙwarya a hannu yana sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo. Na shiga bayi na buɗe famfo na daɗe ina wanke hannuna, ban san me nake wankewa ba.

Ban gaya mata ba. Ta kama motar la'asar da bakinta a buɗe, tana gaida duk wanda ta gani, kuma ban ga dalilin ɓata mata hanya ba. Ƙarshen wata albashina ya zo babu jika uku. Sauran mutum biyun da na ja wa layi sun biya tasu ba musu, ni na karɓa, ni na rubuta musu rasit.

Na bar aikin kafin kaka. Har yanzu ban ce tarar kanta haramun ba ce. Na ga kujerar nan babu kowa, na ga wanda aka kora da kumburi. Amma kwanan baya na bi ta ƙofar a kan kabu-kabu, na hango sanarwar tana nan a bango. Rana ta cinye furen. Rubutun bai dushe ba, na yi shi da tawada mai kyau.