Shasshawar Kakar Mai Gyaran Inji

A shekarun da nake jiran ɗan kawuna ya gama karatu a Turkiyya mu yi aure, wani tsoho fari yakan tsallako daga Ƙonni ta Nijar ranar kasuwar Illela, yana gyara injin ban ruwa kusa da rumfar babana. Kwara muke ce masa, kamar yadda ake ce wa fararen Larabawa 'yan kasuwa. Ni kuwa ina zaune bayan buhunan shinkafa da littafin soyayya a cinya, ina sa fuskar Yaya, ɗan kawun nawa, a kan kowane jarumi.

Wata rana tsohon ya ciro kati daga aljihu, hoton wata mace ya faɗo. Na ɗauka. Haɓarta da goshinta duk shasshawa ce, irin wadda matan Fulanin Amarawa ke yi don ado. Nan take na ƙaga mata masoyi a raina. Na ce lallai wannan amarya an so ta.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce kakarsa ce, kuma su ba Kwara ba ne, Armeniyawa ne. A zamanin daular Usmaniyya aka yanka mazajensu, aka kora mata cikin hamada da ƙafa. Waɗanda suka ɗauke ta a hanya su suka yi mata zanen, don ko ta gudu a gane ta.

"'Yata, har yau masu mulkin Turkiyya cewa suke ba a yi ba," in ji shi. "Ƙasashen da ke son jiragensu da cinikinsu kuma sun yi shiru."

Da Yaya ya kira ni bayan la'asar na ba shi labarin ina kuka, ina jiran ya lallashe ni kamar yadda ake yi a littafi. Muryarsa ta sauya. Ya ce kada in ƙara faɗin wannan a waya. Mutanen Turkiyya su ke biya masa karatu, su ke haƙa mana rijiyoyi, su ke raba naman layya, kuma gwamnatinmu da ta Nijar duk abokansu ne.

"Mi ya kai ki zancen wani tsohon bakanike? Ki ce ƙarya ya yi, mu wuce wurin."

Na ƙi faɗi. Na ce ban san tarihi ba, amma na ga zanen a fuskar kakarsa.

Kiran Yaya ya fara nisa. Aka rufe boda, tsohon bai sake tsallakowa ba, ban ma sami wanda zan ƙara tambaya ba. Kafin damina ta faɗi kawu ya aiko a karɓi kayan sa rana, wai yarinyar ta cika taurin kai. Inna ta fito da akwatunan tsakar gida, ta tambaye ni ko a kan matar da ta mutu tun kafin a haifi kakata na rabu da miji. Na ce i. Ta kira masu kura suka ɗora.